Hoto Ya Fito, Sauti Ya Ƙi: Yadda Ake Gano Matsalar Murya a Faifan DVD da Aka Buga a Gida

Idan mutum ya buga faifai ya fito babu murya, ko muryar tana riga baki, abin da yakan fara yi shi ne ya ɗauko wani faifan ya sake bugawa. Sai na biyun ma ya fito da cutar na farko. Dalili kuwa, manhajar bugawa kwafa kawai take yi, abin da ka ba ta shi take zubawa, ba ta ƙari ba ta ragi. A wurare huɗu matsalar sauti ke iya shiga: fayil ɗin asali, juya shi da aka yi zuwa tsarin DVD, faifan kansa, sai kuma na'ura da igiyoyinta da talabijin. Kada ka ɓata wani faifan sai ka san a wanne daga cikinsu abin ya ɓaci.

Mataki na 1: Raba laifin tukuna

Ɗauko faifan kamfani wanda ka san lafiyarsa ƙalau, ka saka a na'urar, ba tare da ka taɓa ko igiya ɗaya ba. Idan shi ma ya yi shiru, ko shi ma muryarsa ta makara, to faifanka ba shi da laifi, ka wuce mataki na biyu. Idan ya yi daidai, sai ka saka naka faifan a kwamfuta ka buɗe shi da VLC, manhajar kunna bidiyo. Daga nan ka buɗe foldar VIDEO_TS da manhajarka ta haɗa kafin bugawa, in har tana nan a kwamfutar. A ƙarshe ka buɗe fayil ɗin asali. Inda ka fara jin matsalar, a nan ta shigo. In tana cikin na asali, juyi da bugawa ba su da hannu. In na asali lafiya yake amma VIDEO_TS ta lalace, wajen juyi ne. In foldar lafiya take amma faifan na cijewa, faifai ne ko bugawa.

Sai dai ka kiyaye abu ɗaya. VLC mai haƙuri ce, tana kunna kusan duk abin da aka ba ta, har wanda ya saɓa ƙa'idar DVD. Na'urar da ke ƙarƙashin talabijin ba ta da wannan haƙurin. Don haka in faifai ya yi sauti a kwamfuta ya yi shiru a na'ura, wannan ba shaida ba ce cewa na'urar ce ta lalace. Sau da yawa ma alama ce cewa nau'in sautin da ke ciki ba irin wanda DVD ta yarda da shi ba ne.

Mataki na 2: Igiyoyi da saitin na'ura

Igiya mai kai uku, rawaya ta hoto ce, fara ta sautin hagu, ja ta sautin dama. A bayan na'urori da yawa akwai jajayen ramuka biyu: ɗaya na sauti, kusa da farin, ɗayan kuma na hoto ne, an rubuta masa Pr ko Cr, yana jere da kore da shuɗi. In ka cusa jar igiyar sauti a wancan, ɓangare ɗaya zai mutu ko ka riƙa jin ƙugi. Akwai kuma ramin da aka rubuta Coaxial, galibi ruwan lemo. Sautin dijital ne ke fita ta nan, ba na haɗawa da farar igiya ko ja zuwa talabijin ba ne.

Bayan igiyoyi, shiga Setup da rimot, ka nemi sashen Audio. Saiti biyu ne ke yawan jawo rigima. Na farko shi ne Digital Output ko HDMI Audio. In yana kan Bitstream ko RAW, na'urar na tura sautin a dunƙule, tana jiran talabijin ya warware shi. Talabijin da yawa ba su iya warware nau'in sautin da ake kira DTS ba, sai ka ga hoto tas amma shiru. Mayar da shi PCM, na'urar za ta warware da kanta. Na biyu shi ne Downmix ko Speaker Setup. In an sa shi a 5.1 alhali igiya biyu kawai ka haɗa, za ka ji kiɗa da ƙarar mota da iska, amma maganar mutane ta ɓace ko ta koma can nesa. Dalili shi ne a sauti mai ɓangare shida, yawancin magana tana ɓangaren tsakiya, kai kuma hagu da dama kawai ka ɗauko. Sa shi a Stereo, maganar za ta dawo.

Kada ka manta da maɓallin Audio na jikin rimot. Faifan DVD na iya ɗaukar layin sauti har 8, kuma yana yiwuwa na farkon fanko ne, sautin gaskiya na kan na biyu. A faifan VCD kuwa, wannan maɓallin ne ke juyawa tsakanin hagu kaɗai, dama kaɗai, da duka biyun.

Mataki na 3: Duba abin da ke cikin faifan da gaske

Fara da tambayar da mutane ke tsallakewa: faifan bidiyo ka buga ko faifan ajiya? Buɗe shi a kwamfuta. In ka ga foldar VIDEO_TS da fayilolin VOB da IFO da BUP, DVD ne na ainihi. In kuwa fayil ɗin MP4 ko AVI ko MKV ka gani a zaune shi kaɗai, ajiya kawai ka yi. Wasu na'urori, musamman masu tambarin DivX, suna kunna irin wannan, amma tsofaffin cikinsu sun fi sanin MP3 da AC-3. Bidiyon da aka ɗauka da wayar salula kusan kullum sautinsa AAC ne, sai na'urar ta nuna hoto ta kasa fitar da murya. Maganin ba sake kwafa ba ne, sai an juya fayil ɗin.

In DVD ne na ainihi, ɗauko manhajar MediaInfo, kyauta ce, ka buɗe fayil ɗin VTS_01_1.VOB da ita. A sashen sauti ka duba abu uku.

Nau'in sautin. Ƙa'idar DVD ta san LPCM, da Dolby Digital wanda ake rubutawa AC-3, da MPEG Audio wato MP2, da DTS. Ba dukansu ne kowace na'ura ta wajaba ta iya ba. AC-3 da LPCM su ne kowace na'ura ke kunnawa. MP2 an tanade shi ne ga faifan PAL, tsarin talabijin irin na Najeriya, kuma akwai na'urorin NTSC, tsarin Amurka, da ke yin shiru da shi, musamman ta ramin dijital. DTS kuwa ƙari ne, bai kamata ya zama shi kaɗai a faifai ba. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: ka zaɓi AC-3 mai ɓangare biyu, a 192 kbps ko 224 kbps. LPCM tsaftatacce ne amma yana da ci. Mai ɓangare biyu yana cin 1536 kbps, wato kusan gigabait 1.4 a bidiyon awa biyu, daga faifan da duka-duka 4.7 yake ɗauka. AC-3 a 192 kbps bai kai megabait 200 ba a wannan tsawon, sauran wurin kuma hoto ne zai amfana.

Yawan ɗiban sauti a daƙiƙa. Dole ka ga 48.0 kHz. Faifan waƙa na CD da yawancin MP3 suna kan 44.1, haka VCD da SVCD. Tsofaffin kyamarorin MiniDV kuma suna da saitin 12-bit da ke ɗauka a 32. In 44.1 ya sulale cikin DVD ba a juya shi ba, wata na'urar ta yi shiru, wata kuma ta kunna shi kamar 48 ne, sai sautin ya ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari. Muryar dattijo ta koma siririya, kuma ta tsere wa hoto tun a mintin farko. Wannan yakan faru ga masu ɗebo bidiyo daga VCD su mayar DVD kai tsaye. A VCD ƙa'idar akasin haka ce: MP2 a 44.1 kHz, 224 kbps.

Sai tsawon lokaci. MediaInfo na nuna tsawon hoto daban, na sauti daban. Wannan ya fi amfani a fayil ɗin asali. In ka ga tazarar daƙiƙoƙi tsakaninsu, riƙe lambar, za ta yi maka amfani a mataki na gaba.

Mataki na 4: Baki da murya ba su tafiya tare

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi ɓata lokaci, domin cuta uku ce mai kama da juna, kowace da maganinta. Kunne ya fi saurin kama muryar da ta riga baki fiye da wadda ta makara: rigayen da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba ma ana fara jin sa, makara kuwa sai ta haura kashi ɗaya cikin goma. Kada ka auna da magana, baki na ruɗi. Nemi wurin da aka yi tafi, ko aka rufe ƙofa, ko wani abu ya faɗi ƙasa. Ka sami irin wannan a wuri uku: farkon bidiyon, tsakiya, da dab da ƙarshe. A VLC ta kwamfutar Windows, maɓallin J da K suna matsar da sauti baya ko gaba da milisakan 50 a kowane dannawa, lambar kuma tana fitowa a saman allo. Yi ta dannawa har ƙarar tafin ta faɗo daidai lokacin da tafukan suka haɗu, ka rubuta lambar. Yi haka a wuraren uku.

In lambobin uku ɗaya ne, misali 400 a ko'ina, ka yi sa'a. Tazara ce tsayayya. Buɗe sautin a Audacity, manhajar gyaran sauti. In murya ce ta riga hoto, ƙara shirun milisakan 400 a farkonsa. In makara ta yi, yanke wannan adadin daga farko. Manhajojin haɗa bidiyo da yawa ma suna da gurbin Audio Delay da za ka rubuta lambar kawai. Amma tuna gwajin mataki na farko: in faifan kamfani ma yana nuna tazarar a talabijin ɗin, jinkirin na talabijin ne ko na lasifikar da aka haɗa masa, kuma a saitin Lip Sync nasu ake gyarawa. In ka gyara faifai don ya dace da talabijin mai jinkiri, zai fito a karkace a kowane talabijin dabam.

In lambar tana hawa a hankali, sifili a farko, 1,800 a tsakiya, 3,600 a ƙarshen awa ɗaya, to hoto da sauti ba gudu ɗaya suke yi ba. Girman tazarar na faɗa maka dalili. Daƙiƙa 3.6 a awa ita ce bambancin firem 30 da firem 29.97 a daƙiƙa, wato yawan hotunan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. In kuwa tazarar ta kai kusan minti biyu da rabi a awa, an juya hoto tsakanin firem 23.976 da firem 25 na PAL an bar sauti a gudunsa na da. A irin wannan, komawa kan fayil ɗin asali a sake juyi da lambar firem daidai ya fi. In babu na asalin, sai a ja sautin ko a matse shi a Audacity da Change Tempo har tsawonsa ya yi daidai da na hoto. A misalin daƙiƙa 3.6, sauyin kashi 0.1 cikin ɗari ne, kunne ba zai ji ba.

Babban mai jawo wannan a yau shi ne wayar salula da manhajojin ɗaukar allon kwamfuta. Ba su riƙe yawan firem a tsaye, in haske ya ragu ko wayar ta yi zafi sai su rage, daga baya su ƙara. MediaInfo za ta rubuta Variable a gaban Frame rate mode. DVD kuwa ba ta san wannan ba, 25 take so cif ko 29.97. Manhajar juyi mai rauni takan jera firem ɗin a gudu ɗaya, sai tsawon hoton ya canza, sauti na nan yadda yake. Kafin ka ba manhajar haɗa DVD irin wannan fayil, ratsa da shi ta manhajar juyi ta HandBrake, ka zaɓi lambar firem ɗin da kake so, ka danna Constant Framerate. Wannan matakin ɗaya yana kashe matsalar da mutum zai kwana yana nema a wani wurin.

Ta uku ita ce mai tsalle: komai daidai har minti ashirin, sai kwatsam tazara ta bayyana ta zauna, can gaba ta sake ƙaruwa. Je daidai inda ta fara. Galibi za ka tarar mahaɗa ce, inda aka liƙa guntun bidiyo biyu, ɗaya sautinsa ya fi hotonsa tsawo kaɗan, ko ɗaya 44.1 ɗaya 48. In daga kaset ɗin VHS aka kwaso, wurin da kaset ya tauye ne na'urar kwasa ta zubar da firem, sauti kuwa ya ci gaba. Jan sautin gaba ɗaya ba zai yi ba a nan, zai ma ɓata wuraren da ke daidai. Sai an raba bidiyon a wuraren tsallen, a daidaita kowane guntu shi kaɗai, a mayar da dukansu 48 kHz, sannan a haɗa. Aiki ne mai cin rai, amma in bidiyon da ba za a sake samun irinsa ba ne, ya cancanci wahalar.

Mataki na 5: Sauti na nan amma ba daɗi

In murya na fashewa duk lokacin da aka ɗaga ta, buɗe sautin a Audacity ka dubi zanensa. In ƙololuwar igiyar ta yi shafe kamar an datse ta da almakashi, an wuce iyaka. In a na asali haka yake, rage ƙara ba ya dawo da abin da aka datse, sai dai Clip Fix ya ɗan lallaɓa. In na asali lafiya yake, wajen juyi aka ƙara masa ƙarfi, ko wajen matse ɓangare shida zuwa biyu. Yi Normalize zuwa -3 dB ka sake juyawa.

In sautin ya yi ƙasa-ƙasa, Normalize ɗin ne dai. Amma in tafi ɗaya ko faɗuwar makirufo ta riga ta kai ƙololuwa, ba zai ɗaga komai ba. Rage wannan wurin da hannu tukuna, ko ka sa Compressor kaɗan. A na'ura kuma duba saitin DRC ko Night Mode.

In lasifika ɗaya ce ke magana, makirufo ɗaya aka ɗauka da shi ya shiga hagu kawai. Split Stereo to Mono, goge fankon, ka fitar da mai muryar, zai fito ta duka biyun. Akwai wata mai ruɗarwa: da abin saƙala kunne murya na fita sosai, a talabijin mai lasifika ɗaya kuma ta ɓace kusan gaba ɗaya. Ɓangare ɗaya ne ya juye, in aka haɗa su sai su cinye juna. Raba su, ka yi wa ɗaya Invert. Ƙugin da ba ya yankewa kuwa na wutar lantarki ne, a 50 Hz ko 60 Hz. In yana cikin fayil, Notch Filter a wannan lambar zai rage shi. In a talabijin kawai kake jin sa, canza igiya.

Mataki na 6: Cijewa da yankewar sauti

Nan kaɗai ne faifai da bugawa ke da laifi. Alamarsa, sauti na yankewa tare da hoto na daskarewa ko rarrabewa gida-gida. Lura da inda abin ya fi tsanani. DVD na karantawa daga tsakiya zuwa baki, kuma faifai mara inganci a bakinsa ya fi rauni. In farkon bidiyon lafiya, ƙarshensa ke cijewa, kusan tabbas faifan ne. Kada ka cika shi maƙil, ka canza zuwa mai inganci, ka buga a gudun 4x ko 8x maimakon mafi sauri, kuma kada ka ɗora wa kwamfutar wani aiki mai nauyi a lokacin. Goge faifai da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. In duk faifan da aka buga a gida na cijewa a na'urar amma na kamfani na tafiya, idon na'urar ya yi ƙura ko ya fara gajiya, domin faifan gida bai kai na kamfani mayar da haske ba.

In kuwa yankewar na zuwa ne a wuraren da motsi ya yi yawa a hoto, komai faifan da ka sa, nauyin bayanai ne ya yi yawa. Iyakar DVD ita ce 10.08 Mbps hoto da sauti a haɗe, hoto shi kaɗai 9.8. Faifan gida bai cika jure zama a bakin iyakar ba. Tsayar da ƙololuwar hoto a wajen 8 Mbps, musamman in da LPCM a ciki. Ɗan tsayawa sau ɗaya a tsakiyar faifai mai hawa biyu na gigabait 8.5 ba matsala ba ce, sauya hawa ne.

Mataki na 7: Sake haɗawa, ka gwada kafin ka buga

Mai iya rubuta umarni zai iya juyin da manhajar ffmpeg a layi ɗaya:

ffmpeg -i asali.mp4 -target pal-dvd -aspect 16:9 -ac 2 -b:a 192k sabo.mpg

Wannan zai ba ka hoto 720 da 576 a firem 25, da AC-3 a 48 kHz. Ga tsarin NTSC sai a rubuta ntsc-dvd. Wanda bai saba da umarni ba, manhajar haɗa DVD ta DVDStyler za ta yi masa duka, ya dai tabbata ya zaɓi AC-3 a saitin faifan. In ka riga ka juya da ffmpeg, ka hana ta sake juya fayil ɗin, domin kowane juyi ƙofa ce da sabuwar matsala za ta iya shigowa.

Ka sa DVDStyler ta fitar da fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, maimakon ta buga kai tsaye. Buɗe shi da VLC, ka koma wuraren tafin nan uku, ka sake duba VOB ɗin da MediaInfo. Sannan ka buga a DVD-RW, wanda ake gogewa a sake amfani da shi, ka kai na'urar da za a yi kallon da ita, in har tana karanta RW. Kada ka tsaya a mintin farko, tsallaka zuwa babi na ƙarshe ka saurara. Sai ya wuce wannan za ka buga a DVD-R da manhajar bugawa ta ImgBurn, ka sa alama a Verify domin ta sake karanta faifan ta gwada shi da ISO ɗin. In da na'urar ɗauka ta talabijin ka buga, yi Finalize kafin ka cire, in ba haka ba wata na'urar ba za ta karanta shi ba. Ajiye ISO ɗin da fayil ɗin asali a kwamfuta ko wata ma'ajiya, domin in faifan ya ƙarje daga baya, daga nan za ka fitar da wani ba tare da ka sake taɓa sautin ba.